Sabbin ƙungiyoyi a gasar MLS da rigimar filin gini a biranen Amurka: tambayoyi da amsoshi

Tun da Lionel Messi ya koma Inter Miami a 2023, mutane da yawa a wajenmu suka fara leƙa gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wato MLS. Wanda ya saba da gasar Ingila ko ta Sifaniya zai tarar da abubuwan da ba su yi kama da abin da ya sani ba. Ƙungiyoyi suna ta ƙaruwa, ba a faɗawa rukuni na biyu, kuma rabin labarin gasar a ofisoshin magadan gari da zauren majalisun birane ake yin sa, a kan maganar inda za a kafa filin wasa. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa.

Yaya aka yi gasar ta kai ƙungiyoyi 30?

Da ƙungiyoyi 10 aka fara a 1996. Kafa gasar na cikin sharuɗɗan da FIFA ta gindaya wa Amurka kafin ta ba ta damar karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 1994. A 1998 aka ƙara Chicago Fire da Miami Fusion, amma asara ta yi yawa, har a farkon 2002 aka rushe ƙungiyoyi biyu na jihar Florida, Fusion ɗin da Tampa Bay Mutiny. A lokacin attajirai uku ne, Lamar Hunt da Philip Anschutz da Robert Kraft, suka riƙe mafi yawan ƙungiyoyin da suka rage, ba don su ba da gasar ta mutu.

Daga 2005 aka sake buɗe ƙofa. Toronto ta shigo a 2007, Seattle a 2009, New York City da Orlando a 2015, Atlanta a 2017, Miami da Nashville a 2020, Austin a 2021, Charlotte a 2022, St. Louis a 2023. San Diego ce ta cike ta 30 a 2025. Uku daga cikinsu a Kanada suke: Toronto da Vancouver da Montreal.

Tunda ba hawa daga ƙaramin rukuni, ta ina sabuwar ƙungiya ke shiga?

Saye ake yi. MLS kamfani ne guda ɗaya, masu ƙungiyoyin kuwa masu hannun jari ne a cikinsa, kowanne an ba shi izinin tafiyar da ƙungiya a wani birni. Wanda ke son shiga sai ya biya kuɗin shiga, sauran masu hannun jarin su amince da shi. Toronto dala miliyan 10 ta biya. New York City ta biya miliyan 100, Cincinnati miliyan 150, St. Louis miliyan 200, Charlotte miliyan 325, San Diego kuwa miliyan 500.

Abin da ya sa attajiri ke yarda ya zuba irin wannan kuɗi shi ne ya san ko ƙungiyarsa ta ƙare a ƙasan tebur shekara biyar a jere, kujerarsa na nan. Wannan tabbacin ne kuma yake kai wa banki da majalisar birni idan ya tashi neman gina fili. Babu bankin da zai so ba da bashin shekara 30 ga ƙungiyar da baɗi za ta iya faɗawa rukunin da ba mai kallo.

Me gasar ke dubawa kafin ta ba birni ƙungiya?

Abu uku: mai kuɗi wanda zai iya jure asara, birni mai 'yan kallo da kamfanonin talla, da kuma tsayayyen shiri na filin wasa. Na ɗaya da na biyu ba su cika wuya ba, Amurka ba ta rasa attajirai. A na ukun ake yin kwantai. Don Garber, wanda ke shugabantar gasar tun 1999, ya sha nanata cewa filin da suke so shi ne wanda aka gina don ƙwallon ƙafa, a cikin gari, kuma ƙungiyar ce ke da iko da shi.

Amurka cike take da manyan filaye. Me ya hana su wasa a nan?

A can suka fara, kuma shi ne ya kusa kashe su. Filayen ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, suna ɗaukar mutum 60,000 zuwa 70,000. Idan mutum 15,000 suka zo, sai wurin ya zama fayau, a talabijin ma ba kyan gani. Sannan ƙungiyar 'yar haya ce: mai fili shi ke cin kuɗin abinci da abin sha, da kuɗin ajiye mota, da kuɗin sanya wa filin sunan kamfani, shi ke zaɓar ranakun da ya ga dama ya bar musu ragowar.

Lamar Hunt ne ya fara sauya wannan. A 1999 ya gina wa Columbus Crew filinta da dala miliyan 28.5, na farko a gasar da aka gina don ƙwallon ƙafa zalla. LA Galaxy ta bi sahu a 2003. Daga nan aka gane cewa ɗan madaidaicin fili mai kujeru 20,000 zuwa 25,000 wanda ke cika maƙil ya fi ƙaton da ba ya cika, kuma duk kuɗin da aka kashe a cikinsa aljihun ƙungiya yake shiga.

To ai ƙasar na da faɗi. Me zai sa fili ya yi wuya?

A bayan gari fili ba ya wuya, kuma can aka fara zuwa. Dallas ta tafi Frisco a 2005, Chicago ta tafi Bridgeview a 2006, Colorado ta tafi Commerce City a 2007. Ƙasa da araha, ƙananan hukumomin wuraren kuma suna maraba. Matsalar ita ce 'yan kallon da gasar ta fi dogara da su, matasa mazauna cikin gari da baƙin da suka zo daga ƙasashen da ake son ƙwallo, ba kowa ne zai yi tafiyar awa guda a mota ranar Asabar da dare ba.

Labarin Bridgeview ya kamata duk wani kansila ya sani. Ƙaramin gari ne a gefen Chicago, ya ciwo bashin sama da dala miliyan 100 ya gina wa Chicago Fire fili, da fatan shaguna da otal-otal za su biyo baya. Ba su zo yadda aka zata ba. Bashi ya yi wa garin katutu, aka ƙara wa mazauna haraji. A 2019 ƙungiyar ta amince ta biya sama da dala miliyan 60 don ta warware yarjejeniyar hayar, ta koma Soldier Field a tsakiyar Chicago a 2020. Mutanen Bridgeview suka ci gaba da biyan bashin ginin da babbar ƙungiyar ta bari.

Shi ya sa yanzu kowa cikin gari yake nema, kusa da tashar jirgin ƙasa da wuraren cin abinci. Amma eka goma ko ashirin a tsakiyar babban birni ba a samun ta a zube. Ko dai ta gwamnati ce, ko tsohuwar masana'anta ce da guba ta gurɓata ƙasarta, ko kuwa akwai mutane a kai.

Me ya ɗauki David Beckham shekaru masu yawa haka a Miami?

Lokacin da ya koma LA Galaxy a 2007, an sa masa a kwantiragi cewa zai iya sayen sabuwar ƙungiya a kan dala miliyan 25 kacal. A Fabrairun 2014 ya ce ya zaɓi Miami. Suna yana da shi, rangwame yana da shi, abin da ya rasa shi ne ƙasa.

Ya fara neman wani yanki na tashar jiragen ruwa ta Miami, kamfanonin jiragen yawon buɗe ido, musamman Royal Caribbean, suka ce ba su yarda ba. Aka koma wani wuri a bakin ruwa kusa da zauren ƙwallon kwando na birnin, mazauna da hukumar birni suka ƙi. Aka gwada gefen filin besbol na Marlins, cinikin filayen masu zaman kansu ya gagara. Aka tafi unguwar Overtown, har an sayi wani ɓangare, ƙara a kotu da ƙorafin maƙwabta suka biyo baya. Mutanen Miami ba su manta da yadda aka gina filin Marlins da kuɗin jama'a ba, don haka duk wanda ya zo da maganar filin wasa da ido ɗaya suke kallonsa.

Al'amarin bai miƙe ba sai da 'yan gari masu faɗa a ji, Jorge Mas da ɗan'uwansa Jose, suka shigo a 2017. Su ne suka karkata ga Melreese, filin wasan golf na hukumar birni da ke jikin filin jirgin sama. A Nuwamban 2018 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 60 cikin 100 suka amince birni ya tattauna da su ba tare da an buɗe gasar neman kwangila ba. Bayan haka gwaji ya nuna akwai sinadarin arsenik mai guba a ƙasar wurin. Sai a Afrilun 2022 kansiloli huɗu cikin biyar suka sa hannu a kan hayar shekara 99. Tsarin ya ƙunshi fili mai kujeru 25,000, da otal da ofisoshi da shaguna, da lambun shaƙatawa na jama'a mai eka 58. Kafin nan ƙungiyar ta riga ta fara wasa a 2020 a Fort Lauderdale, wani birni daban a arewa da Miami, kuma a can Messi ya fara buga mata.

New York fa? An ce a filin besbol suke wasa.

Haka ne. New York City FC ta masu Manchester City ce tare da ƙungiyar besbol ta Yankees, kuma tun 2015 a filin Yankees take yawancin wasanninta na gida. Filin a matse yake, sai an shimfiɗa ciyawa a kan wurin da 'yan besbol ke gudu, idan jadawali ya ci karo kuma sai su nemi aro a wani wurin. A haka suka ci kofin gasar a 2021. Kuɗin Abu Dhabi, wato na masu Manchester City, bai iya samar musu da ƙasa a yankunan Bronx ko Manhattan na birnin ba.

A Nuwamban 2022 magajin gari Eric Adams ya sanar da Willets Point a yankin Queens. Wuri ne da aka daɗe da sani da garejin makanikai da masu sayar da tsofaffin kayan mota, ga rashin magudanan ruwa, ga ƙasa da baƙin mai ya jiƙa. Ƙungiyar za ta kashe kusan dala miliyan 780 ta gina fili mai kujeru 25,000, a gefensa kuma gidaje 2,500 masu rangwamen haya da makarantar firamare. Majalisar birni ta amince a Afrilun 2024, ana sa ran buɗewa a 2027. A ganina gidajen nan ne suka sa maganar ta wuce. Amma makanikan da suka yi shekaru suna cin abinci a wurin, yawancinsu baƙi daga Latin Amurka, an riga an tashe su tun kafin a yi bikin.

Idan attajiri ya ce da kuɗinsa zai gina, ai birni bai yi asarar komai ba ke nan?

A nan ya kamata mai karatu ya buɗe ido. Sau da yawa gaskiya ne cewa siminti da ƙarfe da kuɗin attajirin aka saya. Sai dai a tambaya: ƙasar ta wa ce, nawa ake biyan haya, wa ya gyara tituna da bututun ruwa, wa ya kwashe gurɓatacciyar ƙasa, kuma ana biyan harajin kadara?

Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce birni ya ci gaba da zama mai ƙasar a takarda, ya ba ƙungiya haya ta shekaru masu yawa. Tunda kadarar gwamnati ce, babu harajin kadara, wanda a Amurka da shi ake tafiyar da makarantu da 'yan kwana-kwana. Haka aka yi a Austin, inda birni ya ba da eka 24 a McKalla Place. Filin Minnesota United a St. Paul, wanda aka gina a tsohon garejin motocin bas, shi ma an yafe masa wannan haraji. A New York ofishin kasafi mai zaman kansa na birnin ya ƙiyasta cewa harajin da za a rasa a Willets Point cikin shekara 49 ya haura dala miliyan 500. A Washington birni ya ɗauki nauyin ƙasa da ababen more rayuwa har dala miliyan 150 kafin D.C. United ta gina Audi Field, wanda aka buɗe a 2018.

Ba na cewa duk waɗannan yarjejeniyoyi cuta ce. Wasu wuraren sun yi shekaru ba sa kawo wa birni ko sisi. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye wa mutane farashin. Birni na da 'yancin ya ce yana son ƙungiyar ƙwallo kuma zai biya, amma a faɗi adadin a fili, a bar masu biyan haraji su auna.

Gwamnati na iya karɓe filin mutum don a gina wa ƙungiya filin wasa?

Dokar Amurka ta ba gwamnati ikon karɓar kadara don amfanin jama'a idan ta biya diyya, kuma a 2005 Kotun Ƙoli, a shari'ar Kelo da birnin New London, ta ce raya tattalin arziki ma yana iya shiga cikin amfanin jama'a. Hukuncin ya fusata mutane, jihohi da yawa suka tsaurara dokokinsu. Duk da haka Washington ta yi amfani da ikon a 2015 ta karɓi wani yanki na Buzzard Point, inda aka gina Audi Field, da cinikinsa ya gagara.

A Orlando abin ya zo da wani salo. Wani ƙaramin coci a unguwar Parramore, Faith Deliverance Temple, yana tsakiyar inda aka zana filin. Birni ya taya dala miliyan 1.5, masu cocin suka ce miliyan 35. Birni ya kai su kotu, daga baya ya ga shari'ar za ta ja lokaci kuma za ta ɓata masa suna, sai a 2014 ya janye, aka matsar da filin gaba kaɗan zuwa yamma. Cocin ya tsaya a inda yake.

Su wane ne aka fi tasa?

Talakawa, kuma sau da yawa baƙaƙen fata, domin unguwanninsu ne ke kusa da tsakiyar gari kuma ƙasarsu ce aka daɗe ana karya wa daraja. A Cincinnati an gina TQL Stadium a West End, tsohuwar unguwar baƙar fata, a kan filin wasan wata makarantar sakandare. Ƙungiyar ta gina wa makarantar sabo, amma wasu 'yan haya a gidajen da ta saya a kewaye, ciki har da tsofaffi, an ba su takardar tashi, sai da aka yi ta hayaniya kafin a daidaita da su.

Na St. Louis ya fi tsufa. Inda filinsu yake a yau wani ɓangare ne na Mill Creek Valley, unguwar da mutum kusan 20,000 ke zaune, galibinsu baƙaƙe, wadda hukuma ta fara rushewa a 1959 da sunan sabunta gari. Ba ƙwallo ce ta tashe su ba, amma ƙasar ta zama "babu kowa" ne saboda an kore su. An kafa ginshiƙan tunawa da su a gefen filin. A Indianapolis kuwa, wurin da ƙungiyar Indy Eleven ta so ginawa ya kasance a kan tsohuwar maƙabartar Greenlawn, da aka fara haƙa sai ga ƙasusuwan mutane.

Mazauna unguwa suna da ta cewa kuwa?

Suna da ita idan sun haɗa kai da wuri, kafin majalisa ta kaɗa ƙuri'a. A Afrilun 2017 masu zaɓe a St. Louis suka ƙi amincewa a ba da dala miliyan 60 na jama'a. Aka ce shi ke nan birnin ya rasa. A 2018 iyalin Taylor, masu kamfanin hayar motoci na Enterprise, suka dawo da shirin da mafi yawan kuɗinsa nasu ne, aka ba su ƙungiya a 2019.

A Nashville gamayyar ƙungiyoyin ma'aikata da na unguwanni mai suna Stand Up Nashville ta sa masu ƙungiyar suka rattaba hannu a 2018 cewa ma'aikatan filin ba za su karɓi ƙasa da dala 15.50 a awa ba, kuma kashi 20 cikin 100 na gidajen da za a gina a eka goman da aka haɗa musu za su zama masu rangwame. Da sabon magajin gari John Cooper ya hau, ya riƙe izinin rushe tsofaffin gine-ginen wurin har sai da ƙungiyar ta ƙara ɗaukar nauyin kuɗi a 2020. Duk da wannan ja-in-ja, Geodis Park ya buɗe a 2022 da kujeru 30,000.

Mai ƙungiya zai iya ɗauke ta ya kai wani gari idan an hana shi fili?

Zai iya, kuma da wannan barazanar ake matsa wa birane. A Oktoban 2017 Anthony Precourt, mai Columbus Crew a lokacin, ya ce zai mayar da ita zuwa Austin idan bai samu fili a tsakiyar gari ba. Magoya baya suka tashi tsaye da gangamin ceto ƙungiyar. Jihar Ohio na da wata doka ta 1996, wadda aka yi bayan an ɗauke ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Cleveland Browns zuwa Baltimore, da ta ce ƙungiyar da ta ci moriyar kuɗin jama'a sai ta ba da sanarwar wata shida, ta kuma ba 'yan gari damar saye. Jihar da birnin suka kai ƙara a 2018. Ƙarshenta iyalan Haslam da Edwards suka karɓi Crew, aka ba Precourt sabuwar ƙungiya a Austin, biranen biyu kuma kowanne ya buɗe sabon fili a 2021.

Akwai biranen da suka kusa samu suka rasa?

Sacramento ta fi ban tausayi. Tana da 'yan kallo, tana da fili a tsohuwar harabar jiragen ƙasa, har an sanar da ba ta ƙungiya a Oktoban 2019. A Fabrairun 2021 babban mai zuba jarin, Ron Burkle, ya janye, maganar ta rushe. Detroit kuwa a 2017 ta sauya shiri daga gina sabon fili zuwa amfani da Ford Field mai rufi, aka tsallake ta aka ɗauki Nashville da Cincinnati.

Amma Atlanta da Charlotte ai a manyan filaye suke wasa?

Gaskiya ne, kuma suna cika su: sama da mutum 73,000 suka kalli wasan ƙarshe na 2018 a Atlanta, wasan farko na Charlotte a gida a 2022 ya tara sama da 74,000. Bambancin shi ne masu ƙungiyoyin biyu, Arthur Blank na Atlanta da David Tepper na Charlotte, su ne kuma masu ƙungiyoyin ƙwallon Amurka da ke riƙe da waɗannan filaye, don haka ba 'yan haya ba ne a gidan wani, kuma filayen a cikin gari suke.

San Diego ce ta fita daban, domin a filin jami'ar jihar, Snapdragon Stadium, take wasa. Masu ita su ne attajirin Masar Mohamed Mansour da ƙabilar Sycuan ta 'yan asalin Amurka. Mansour ne kuma ke da makarantar ƙwallo ta Right to Dream da aka kafa a Ghana, wadda ta yaye Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima a Accra. An gina reshen makarantar da sansanin atisayen ƙungiyar a kan ƙasar ƙabilar Sycuan.

Filin wasa yana bunƙasa tattalin arzikin gari kamar yadda ake faɗa?

Masana tattalin arziki da suka yi shekaru suna bincike a kan wannan kusan bakinsu ɗaya: ba ya yi yadda ake kururutawa. Ƙungiyar MLS wasa 17 take yi a gida a kakar lig. Kuɗin da iyali suka kashe a filin, da ma a cikin garin za su kashe shi, a gidan abinci ko sinima. Ayyukan da ake samu yawancinsu na ranar wasa ne. Abin da fili ke bayarwa na gaske shi ne wurin da mutanen gari za su taru su yi murna da abu ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kan sa ya kamata a yi ciniki.

Za a ci gaba da ƙara ƙungiyoyi?

Ana yawan ambaton Las Vegas da Phoenix da Indianapolis da Detroit da Sacramento. Kwantiragin nuna wasanni da gasar ta ƙulla da Apple, wanda da farko aka tsara shi na shekara goma a kan dala biliyan 2.5 daga 2023, ya ƙara wa kujerar daraja, don haka wanda zai shigo ba zai biya ƙasa da abin da San Diego ta biya ba. A gefe guda, USL, wata gasar ƙwallon ƙafa daban a Amurka, ta sanar a 2025 cewa za ta kafa nata babban rukuni, har da hawa da faɗuwa, kuma ita ma filaye take nema a biranen da MLS ba ta je ba.

Tsofaffin ƙungiyoyin ma ba su gama da maganar ƙasa ba. New England Revolution, wadda tun 1996 take wasa a Foxborough nesa da Boston, tana neman wurin wata tsohuwar tashar lantarki a Everett da ke gefen Boston, kuma sai da majalisar jihar Massachusetts ta sauya doka a 2024 ta cire wurin daga jerin filayen da aka keɓe wa harkar tashar ruwa. Chicago Fire kuma ta sanar a 2025 cewa mai ita, Joe Mansueto, zai gina sabon fili da kuɗinsa a bakin kogin Chicago, a wani fegi da ake kira The 78, da niyyar buɗewa a 2028.